Yadda Na Zama Sarkin Ruwan Damargu

Duk wanda ya san Damargu ya san ba gidan kifi ba ce. Gero muke da shi, da raƙuma, da rijiyoyin da guga kan gaji kafin ya iske ruwa. Tun zamanin ayari rumbun Abzin ake ce mana: a sauko da gishirin Bilma, a koma da hatsi. Ruwan saman da ke sauka a Tanut da ƙyar yake kai milimita 300 a shekara, shi ma wata uku ya yi sallama. Kifin da na sani ina yaro iri biyu ne, banda mai ƙauri da ake kawowa daga wajen Diffa, da na gwangwani. Har na shiga lakwal ina zaton haka Allah ya halicci sardin, ba kai, kwance cikin mai.

Abin ya same ni ne a Yamai, inda aka tura mu horon malamai na mako biyu. Wata la'asar na tsaya bakin kogin Isa, kusa da gadar Kennedy, na ga wani mutum ya kaɗa siririyar sanda, zare ya tashi fiii ya sauka can tsakiyar ruwa. Ya murɗa wani hannu kamar na keken ɗinki, sai ga karfasa tana wutsil-wutsil. Ko wandonsa bai jiƙe ba. Nan take na tuna da tabkin ƙauyen kawuna a kwarin Tarka, wajen Belbeji, wanda aka ce an zuba wa ƴaƴan tarwaɗa. Na ce a raina, ashe abin da ya hana Damargu cin kifi rashin wayewa ne, kuma ga wanda zai kai musu ita.

Washegari na faɗa wani shago. Mai shagon ya dubi takalmina, ya dubi aljihuna, ya kira ni Alhaji, ni da ko Agadas ban wuce ba. Ya ce sanda ba ita ce magana ba, maganar tana wajen muline. Ni dai kwarkwaro na gani irin na masaƙa, an yi masa hannu. Ya jera mini guda uku.

Na farko a ƙarƙashin sanda yake rataye, kuma kwarkwaronsa ba ya juyawa. Akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe kamar mariƙin bokiti, ka buɗe shi, ka danne zaren da manuniya, ka wurga, ka saki, zaren ya riƙa zamewa ta baki da kansa. Ya ce wannan ko iska na kaɗawa, ko abincin ƙugiya ba shi da nauyi, zai yi aiki, kuma shi ya kamata in saya. Na biyu an kife masa murfi kamar tasar tuwo, maɓalli ɗaya kawai ake dannawa. Ya ce na yara ne, na ture shi da bayan hannu. Na ukun kuwa a saman sanda yake zaune, baƙi wuluk, yana ƙyalli, da wani tauraro a gefe na ɗaure zare ko sassauta shi. An rubuta 6.3:1 a jikinsa, wato in ka murɗa hannu sau ɗaya kwarkwaron ya juya sau shida da ɗoriya.

"Alhaji, wannan na ƙwararru ne," in ji shi. "Shi kwarkwaronsa juyawa yake yi. Sai babban yatsanka ya san aiki."

Da ya yi shiru da na ɗauki na farkon. Amma mutumin da ya shekara 14 yana riƙe alli, a ce yatsansa bai san aiki ba? Na ce ya ajiye mini shi, in yi shawara. Da dare na yi shawarar da wayata. Na karanta cewa irin na farkon ya yi suna ne da Mitchell 300, wanda aka fara ƙerawa a garin Cluses na Faransa bayan yaƙin duniya na biyu. Mai murfin kuwa wani mai gyaran agogo ne a Texas ya ƙago shi, ya kai wa kamfanin Zebco, wanda asalin sana'arsa haɗa bam ne na fasa rijiyoyin mai, suka fito da shi a 1949. Sai na uku, wanda kakansa a zamanin nan shi ne Ambassadeur na ƙasar Suwidin, na 1952. Ambasada! Daga jin sunan na rufe bincike. Nawa dai ba shi ba ne, kwaikwayo ne wanda rubutun jikinsa ya goge tun kafin mu kai Konni, amma jika 35 na biya har da sanda. Cikin duk tambayoyin da na yi a shagon, babu ko ɗaya a kan ruwan da zan jefa shi, shi ma bai tambaye ni daga ina nake ba.

Fiye da kilomita 1000 na yi rungume da sandar nan. A Maradi wata tsohuwa ta ce eriya ce, a tashar Damagaram aka ce bulalar raƙumi ce ta zamani. A gida uwargida ta juya kwarkwaron, ta saurari ƙararsa.

"Malam, nawa?"

Na ce jika 10. Ta yi shiru irin na mai auna kuɗi da tiyar gero.

Ƙarshen Oktoba, an gama yankan gero, taubashina ya ɗauke ni a moto zuwa ƙauyen kawu. Kuskure na biyu ke nan, domin duk wanda zai ji kunya bai kamata ya tafi da abokin wasa ba. A zuciyata tabkin shiru yake kamar hoton kalanda. Da muka isa na tarar da kasuwa: garken shanu, raƙuma, jakuna da jarkoki, mata na wanki, yara na iyo. Kafin in gama haɗa sandar an yi mini da'ira. Kawu ya zo da sandarsa ya zauna a inuwar aduwa, ya ce, "Ɗana, bismilla, mu gani."

Na soka fara a ƙugiya, na gyara tsayuwa kamar mutumin Yamai, na wurga iya ƙarfina. Na ji firrr, sai kwab. Farar ta faɗi taku uku a gabana. Na duba hannuna, sai na ga kwarkwaron ya kumbura ya zama wani curi, zare ya hau zare, madauki cikin madauki.

Daga baya na gane dalili, kuma lissafi ne da nake koya wa yara. Fara ba ta da nauyi, ga iskar hunturu ta fara busowa ta gabana, sai ta tsaya a sama. Shi kuwa kwarkwaron bai ji labari ba, ya ci gaba da gudu yana aman zare, zaren ba shi da wurin zuwa. Aikin babban yatsa ke nan, ya riƙa shafar kwarkwaron yana rage masa gudu, ya tsayar da shi daidai lokacin da ƙugiya ta taɓa ruwa. Nawa yatsan yana can sama, ya miƙe kamar mai jinjina. Amurkawa sheƙar tsuntsu suke kiran wannan masifa, Faransawa su ce gashin kanti. Taubashina ya ce shi kan tsohuwar da ta shekara ba kitso ya gani.

Daga hantsi har rana ta take ina tsifa. Wata tsohuwa mai wanki ta kasa daurewa, ta ce, "Kawo, ɗan nan." Ta karyo ƙayar aduwa, ta tsuguna, kafin a ci goro ɗaya ta warware shi tsaf. Ta ce ita tun tana budurwa take kaɗi, ba ta taɓa ganin namijin da ya ɓata zare haka ba.

Tunda nauyi ne matsalar, taubashi ya laluba akwatin moto ya ciro tsohon buji, muka ɗaura. Jifa ta biyu ƙugiyar ta tsinci hulata ta baya, ta kai ta tsakiyar tabki. Ita ce jifa mafi kyau da na yi ranar, yara har da tafi.

A ta uku komai ya yi daidai. Bujin ya tashi, ya tsallake wani duhun ciyawa, na danna yatsa kamar wanda aka haifa a Argungu. Ban gama murmushi ba sandar ta lanƙwashe, zare ya miƙe, kwarkwaro ya kama kuka. Na dafe ƙafa, na ƙwala ihu: "Giwan ruwa! Ku matsa!" A ruwan da bai wuce gwiwar jaki ba. Na murɗa tauraron nan na ɗaure, abin ya ja ni taku biyar cikin laka. Sai ga ƙahoni sun ɗago daga bayan ciyawa, dogaye, a buɗe kamar hannun mai addu'a. Jan sa ne na Bororo, bujin ya naɗe masa ƙaho sau uku. Ya dube ni, bai ga abin da ya dame shi ba, makiyayinsa ya yi masa kira, ya juya ya bi garke.

Zaren mita 100 ne, kuma na raka shi har ƙarshe. Takalmi ɗaya ya zauna a laka, karangiya ta yi wa wandona ado, ina gudu ina cewa a tare, ba wanda ya iya tashi don dariya. Da zaren ya ƙare ya tsinke, na zauna daɓas cikin kashin shanu. Can an jima makiyayin ya dawo da ladabinsa, ya miƙo mini bujin da hannu biyu, ya ce, "Mushe, ga layarka."

Ina zaune ina cire karangiya na lura da wani yaro a gefe, wanda tun safe bai shiga kallona ba. Gwangwanin madara ne a hannunsa, ya naɗe zare a jiki. Ya wulwula ƙugiya sau biyu, ya saki, ya nuna bakin gwangwanin wajen ruwa, zaren ya riƙa zamewa ta baki da kansa. Gwangwanin bai juya ba, balle ya wuce gona da iri. Na farkon nan ne sak, wanda mai shago ya ce in saya, sai dai babu mariƙin bokiti. Tarwaɗa bakwai ya jera a igiya. Na kira shi gefe, muka yi ciniki a dala 200, na ƙara masa dala 20 kuɗin rufe baki.

Asarar dala 20 na yi, don taubashi ya riga ya buga waya. Uwargida ta tare ni a zaure, ta karɓi kifin da ladabi.

"Sannu da aiki, Sarkin Ruwa. An ce saura ƙiris ka kawo mana sa."

Sunan ya bi ni har aji.

Cikin watan Maris kawu ya aiko wai in zo da injina, kifi ya nuna. Na san da walakin, amma kiran kawu ba a ƙin sa. Na tarar da tabkin ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage, awaki na yawo inda hulata ta nutse. Kawu na tafe da hauya yana duban ƙasa, har ya ga wata ƴar ƙofa kamar ta gyare. Ya sara, ya sara, ya ɗago curin laka, ya fasa. Sai ga gaiwa a naɗe cikin wata fata kamar leda, da ranta. Ita huhu gare ta, in ruwa ya janye sai ta shige laka ta kwanta tana shaƙar iska ta ƴar ƙofar nan, tana cin jikinta har damina ta dawo. Kafin azahar ya haƙo huɗu.

Ya share gumi, ya dubi sandar da ke kafaɗata, ya dubi aduwar da ke bayanmu, wadda sauran ƴaƴanta suka maƙale can ƙololuwa.

"Ɗana, tsawonta ya yi," in ji shi. "Cire wannan abin kukan, ka kaɗo mana."