Kafin Yaron Gareji Ya Ɗaura Maka Sabuwar Filta

Akwai wata irin filtar baƙin mai da ake shafa wa gindinta wani baƙin abu mai kaushi, don hannun da ya jiƙe da mai ya samu wurin kamawa in an zo ɗaurawa ko kwancewa. Kamfanin Fram na Amurka ne ya yi suna da wannan dabara, ya raɗa mata SureGrip, wasu kuma suka bi sahu, har da 'yan kwaikwayon da ba a san gidansu ba. Dabara ce mai kyau. Sai dai filtar da ta kwana a kasuwar Ƙofar Ruwa, ta biyo Kwanar Ɗangora da Tudun Wada tana ta gogar kwali a bayan Sharon, ba abin mamaki ba ne ta iso Doguwa da ɗan baƙin burbushi a ƙasan kwalinta. Mai mota ya buɗe, ya gani, ya dafe ƙirji ya ce an sayar masa da gawayi.

Kwantar da hankalinka, Malam direba. Ajiye raken nan, wanke hannu, ka karɓi filtar daga hannun yaron gareji da kanka. Zai ce maka, "Haba Alhaji, ai sabuwa ce fil, yanzu na ciro ta." Ka ce masa ka yarda, kallo kawai za ka yi. Kallon nan na minti biyu shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a ranar juye, kuma ba a biyan ko sisi a kansa.

Juya ta ka dubi fuskarta. Za ka ga ƙananan ramuka sun yi zobe, ga kuma babban rami mai zare a tsakiya. Duk wanda ya gane bambancin waɗannan ramuka ya gama da maganar burbushi. Mai mai datti yana fitowa daga inji ya shiga ta ƙananan ramukan nan na gefe, ya ratsa takardar da aka nannaɗe a ciki, sannan ya fito tas ta ramin tsakiya, ya wuce kai tsaye zuwa metal da karanshaf. Kamar tankaɗe ne: tsakuwar da ta faɗa cikin rariya, rariya za ta tare ta, amma wadda ta faɗa cikin ƙwaryar garin da aka riga aka tankaɗe, sai dai haƙori ya tare ta. To ramin tsakiya shi ne ƙwaryar. Abin da ya shiga nan babu sauran mai gadi a gabansa. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf kuwa, raba milimita ɗaya gida 20 ka ɗauki kashi ɗaya, kusan iyakarta ke nan. Ta wannan 'yar hanya mai yake bi yana hana ƙarfe cin ƙarfe.

Saboda haka burbushin da ke jikin gwangwani daga waje ba shi da laifin komai, sai dai ya ɓata maka farar riga. Goge shi da tsumma mai tsabta, kana riƙe da filtar fuskarta a ƙasa, don kada ka share shi daga inda ba ya cutarwa ka zuba shi inda zai cutar. Na ce tsumma mai tsabta. Ban ce tsumman gareji ba, wannan dattijon da ya goge giris a zamanin gwamnoni uku, ya share takalmin oga, aka kuma sauke tukunyar shayi da shi da safe. A bar shi ya huta. Yanki daga tsohuwar singileti wankakkiya ya isa.

Daga nan samo farar takarda, ko da bayan rasit ne. Kife filtar a kanta, ka bubbuga gindinta da tafin hannu sau biyu ko uku. In babu abin da ya faɗo, alhamdu lillahi. In baƙin ƙwaya ɗaya ko biyu suka faɗo, murza su tsakanin yatsu: wanda ya murmushe, shafen nan ne na waje. Sake bubbugawa, ka haska ramin tsakiya da tocilan ɗin wayarka, ka leƙa sosai. Amma in abin da ya faɗo yana ƙyalli, yana sukar yatsa, wannan ɓarɓashin ƙarfe ne da ya rage lokacin da aka yanka zaren, kuma ya fi baƙin burbushin haɗari nesa ba kusa ba. Irin wannan filta, da wadda ka ga datti ya shige can cikin tsakiyarta, da wadda shafenta ke ta zuba duk inda ka taɓa, mayar da ita kwalinta. Ka kai wa mai shago da fara'a, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, sannan ka ce a canza. Zai ce ai kowa ita yake saya. Ka ce masa kowa ba ya bin dajin Falgore da magariba da buhu arba'in na masara.

A daidai wannan lokaci ne majalisar benci za ta sa baki, domin babu garejin da ba shi da malamai masu ba da fatawa kyauta. Na farko zai ce ka hura ta da baki. Kada ka yarda. Bakin da ya gama cin goro ko gasasshiyar masara ba iska kaɗai yake fitarwa ba, kuma hurawa tura datti ciki take yi. Na biyu zai ce a ɗauraye ta da fetur. Fetur ɗin da aka wanke kabireto da shi ɗazu yake nufi, wanda ke cikin yankakkiyar jarka yana shan ƙura tun hantsi. Na uku, wanda ya fi kowa tausayi, zai zura ɗan yatsa a ramin tsakiya ya juya, ya ce ya share maka. Dubi farcensa. Ka yi musu godiya dukkansu, ka saya musu ruwan leda in da hali, amma kada filtar ta bar hannunka.

Akwai kuma al'adar cika sabuwar filta da mai kafin a ɗaura, wai don kada inji ya tashi a bushe. Niyyar mai kyau ce. Matsalar ita ce ta ramin tsakiya ake zubawa, da mazurarin da yake kwance a ƙasa tun jiya. Kamfanin Caterpillar, mai yin manyan injuna, ya hana yin haka a littattafan kula da injunansa, saboda man da aka zuba ta nan bai bi ta takarda ba. A ƙaramar mota shawarata ita ce a bar wannan al'ada, famfon mai zai cika ta da kansa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Ni abin da ya fi damuna ma ba shafen ba ne, ƙasarmu ce. Lokacin da motocin Doguwa da Tudun Wada suka fi shan aiki shi ne kaka, ana jigilar masara zuwa Saminaka da Dawanau, kuma a nan ne hunturu yake kunno kai. Ƙura a sama, ƙaiƙayi a iska, gareji kuma a bakin titin Jos, kowace tirela ta wuce sai ta bar tsarabarta. Sai ka ga yaro ya yage ledar sabuwar filta tun kafin a kwance tsohuwa, ya ajiye ta a ƙasa baki a sama, ya tafi neman sifana. Kafin ya dawo ta sha yashin da ya ninka burbushin da ake tsoro, kuma yashi ba ya murmushewa, shi yake cin ƙarfe. Filta ta zauna a ledarta da kwalinta har sai an kwance tsohuwa an goge mazauninta. Wadda ka tarar a shago tsirara, ba leda ba kwali, tana kan kanta tun bara, gaishe ta ka wuce.

Saura ɗaurawa. Duba ko robar tsohuwar filta ta maƙale a jikin inji, domin roba biyu in suka haɗu, mai zai tsiyaye tun ba ka bar gari ba. Shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar. A murɗa da hannu har roba ta taɓa, sannan a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, ko yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Ai don hannu aka yi shafen nan mai kaushi. In ka ga yaro ya ɗauko sarƙa ya taka taya yana nishi, riƙe masa hannu: ƙarfin nan a ajiye shi ranar kwancewa, kuma goga ƙarfe a kan shafen shi ne ke ƙara ɓarɓasa shi.

Tayar da inji, ka zuba wa fitilar mai ido har ta mutu. Kada ka taka totur don mutanen benci su ji ƙarar motarka, musamman da sanyin safiyar hunturu irin na wajen Riruwai. Mai in ya yi sanyi kauri yake yi, kuma a cikin filta ko a mazauninta akwai wata 'yar ƙofar ko-ta-kwana da take buɗewa in ya kasa ratsa takarda, ya wuce ba tacewa, da duk abin da ya ɗauko. Bar shi ya ɗumama a hankali. Sannan ka kashe, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo, ka jira minti biyar, ka zaro ma'aunin mai ka duba. In ya ragu kaɗan, filta ce ta sha rabonta, sai a cika. Ka sa yaron ya rubuta kilomitar da mota take kai a jikin kwalin, ka jefa shi a aljihun gaban mota, ka ba shi na shayi.