Ka Sayi .ng, Sai Google Ya Zo Gaisuwa?

To Malam Mai-gardama, gyara zama, don tun daga nesa na hango ka kana ɗaure fuska. An gaya maka cewa 'yan haruffan nan da ke maƙale a ƙarshen adireshin shafinka na intanet, wato wutsiyarsa, su ne ke yanke hukuncin ko Google zai ɗora ka a sama ko ya jefa ka shafi na tara, inda ko ɓarawo ba ya leƙawa. Kai kuma ka rabu biyu kai kaɗai: da safe ka rantse .com ne sarki, da yamma ka ce in ba .ng ba sai rijiya. Zo mu gwabza, mu ga wanda zai fara neman ruwa.

Ka ce wutsiya ba ta da wani tasiri, duk daɗin bakin masu haɗa shafi ne don su karɓe 'yan kuɗinka? Sannu sarkin wayo! Tasiri kam akwai. Kowace ƙasa an yanka mata haruffanta biyu: Najeriya .ng, Nijar .ne, Gana .gh, Kamaru .cm, Cadi .td, Sudan .sd, Jamus .de. Google da kansa ya faɗa a cikin bayanan da yake yi wa masu shafuka cewa irin wannan wutsiya alama ce mai ƙarfi ta ƙasar da shafi ya nufa. Idan wani a Fagge ya zaro waya ya rubuta "farashin buhun siminti", aka samu shafuka biyu da suka yi kunnen doki wajen inganci, ɗaya .com.ng ɗaya .co.ke, kada ka yi mamaki in na gida ya sha gaba. Me Bakano zai yi da farashin Nairobi, a shilin kuma?

Yauwa, ga shi har ka washe baki. Ka ce shi ke nan, gobe da sassafe ka sayi .ng, jibi Google ya zo gaisuwa da goro? Ina za ka da sauri haka, ko ba ka ji na ce "kunnen doki" ba? Wutsiyar nan lambar mota ce: tana faɗin inda aka yi rajista, amma ba ta ƙara wa inji gudu. Manna lambar Abuja a jikin akwalar da ke tari a hanyar Zariya, ka ga ko tirela za ta fasa wuce ta. Shafin da hoto guda ke lashe datar mutum kafin ya buɗe, wanda rabonsa da sabon rubutu tun zaɓen 2019, wanda babu wani shafin kirki da ya taɓa nuno hanyar zuwa gare shi, ko wutsiya uku ka ɗaura masa yana nan inda ka bar shi.

Ka ce in kawo hujja? Ai tana aljihunka. Nemi labarin yau da Hausa ka ga su wa za su fito. BBC Hausa na zaune a bbc.com/hausa, babu .ng ko ta magani. Sashen Hausa na RFI ma abin ya fi ban haushi: rfi.fr/ha, wutsiyar Faransa tsirara, amma Bakatsine na samun sa ba tare da biza ba. A gefe guda ga Legit.ng da wutsiyar gida, shi ma yana fitowa. Me ya haɗa su a layi ɗaya? Sun rubuta abin da kake nema, a harshen da ka nema, kuma duniya ta saba dogara da su.

Af, yanzu kuma ka juya! Ka ce to ashe .com ne mai gayya mai aiki, tun da manya a can suke? Haba Malam, sauya sheƙa haka ko kunya babu? Tun 1985 .com yake, tsufa ne ya sa ido ya saba da shi. A wurin Google ba ɗan kowace ƙasa ba ne, kuma ba a ba shi makin alfarma. Sai ya nuna ƙasar da ya nufa ta wasu hanyoyi: harshen rubutun, adireshin shago, lambar waya mai farawa da +234, farashi a naira, da shafukan ƙasar da ke ambatonsa. Haka sababbin wutsiyoyin nan masu ƙyalli irin su .shop da .guru: tun 2015 Google ya ce daidai yake kallonsu da .com, kuma kalmar da ke cikin wutsiya ba ta ƙara komai. Don ka sayi .guru ba ka zama gwani ba.

Ga inda nake so ka buɗe kunne, kai da ke mafarkin sayar da kilishi ko turaren wuta har ƙasashen waje. Alamar da ke taimakonka a gida ita ce ke rage maka tsawon hannu a waje. Duk wanda ya ɗaura .ng ya shelanta cewa 'yan Najeriya yake nufi. To amma mai karanta Hausa bai san iyakar Jibiya ba. Abokin cinikinka na Maraɗi ne, na Zangon Kumasi ne, na Garwa ne, wani ma yana Jidda. Ba a ce shafin .ng ba ya fitowa a can ba, amma ya shiga kokawar da rauni. Manyan kamfanoni kan warware wannan da ƙarfin aljihu: Amazon na da amazon.de da amazon.co.uk da amazon.fr, Jumia na da jumia.com.ng da jumia.com.gh. Ka ce kai ma haka za ka yi? Madalla, Alhaji Ɗangote ƙarami! Sai dai ka sani kowane adireshi daga tushe yake fara tara mutunci, kowanne da kuɗin sabuntawarsa da ɗawainiyarsa. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun sauƙi da .com guda, ya ware wa kowace ƙasa sashenta a ciki, ya sa alamar nan ta hreflang da ke gaya wa Google cewa wannan shafi ha-NG ne, wancan ha-NE.

Kuma don Allah a duba haruffa kafin a biya. Wanda ya ce bari ya ɗauki farkon sunan ƙasarmu a Turance ya sayi .ni, to ya koma Nikaraguwa ba tare da ya sallami iyali ba.

Na ga idonka na ƙyalli, ka ce ka kama ni. Ina .tv, ina .ai, ina .io da .co da .me, ba na ƙasashe ba ne, amma duk duniya ke amfani da su? Lallai yau ka karya kumallo da kyau. Gaskiyarka: .tv na tsibiran Tubalu ne, .co na Kolombiya, .me na Montenegro, .ai na Anguwila. Sai dai da Google ya ga masu saye ba ruwansu da waɗannan ƙasashe, ya ware su a wani jeri yana ɗaukarsu tamkar .com. 'Yan Anguwila kuwa gaba ta kai su: tsibirin da mutanensa ba su kai 20,000 ba ya samu kusan dala miliyan 32 a 2023 daga sayar da .ai ga masu rububin ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Amma kada ka miƙe ƙafa: .ng da .ne ba sa cikin jerin nan.

Ka ce ai kai kana da dabara, kana shiga google.co.uk ka ga yadda Turawan Ingila ke ganin shafinka? Allah sarki, an yi walƙiya tun tuni ba ka gani ba. Tun Oktoban 2017 Google ya daina duba ta wace ƙofa ka shigo, inda wayarka take yake dubawa. A Afrilun 2025 ma ya sanar cewa zai riƙa karkatar da waɗannan adireshi nasa na ƙasashe zuwa google.com. In kana so ka san daga ina masu ganinka suke, buɗe Search Console na Google, kyauta ne, zai jero maka su ƙasa-ƙasa.

To wanne za a saya? In kasuwarka ba ta wuce Kano zuwa Legas ba, ɗauki .ng ko .com.ng hankali kwance. Ƙungiyar NiRA ke kula da su, a naira ake sa farashinsu, alhali tushen farashin .com dala ne, duk sanda ta yi tsalle sai ka ji a jikinka ranar sabuntawa. In kuwa idonka na kan ƙetare, .com ya fi ba ka filin juyawa. Wanda ya riga ya kafu a ɗaya kuma, kada wani mai zaƙin baki ya sa shi ƙaura don kwaɗayin maki. Ƙaura na bukatar karkatar da kowane tsohon shafi zuwa sabonsa da umarnin 301, a bar shi haka aƙalla shekara, kuma matsayinka zai yi ta tangal-tangal kafin ya daidaita.

Ka ce duk da haka ba ka yarda ba? Da ma ban sa rai ba. Amma kafin ka tafi, rubuta "tsire kusa da ni" a wayarka. Wanda zai fito a saman taswira, sau da yawa, ko shafin intanet ba shi da shi, balle wutsiya. Ya dai sa sunan wurinsa a Google Maps, da lokacin da yake hura wuta, da lambar da in an kira ake ɗauka. Taka lambar da ke shafinka fa? Ta layin nan ce da aka toshe tun lokacin haɗa layi da NIN. Je ka gyara ta tukuna, sannan ka dawo mu ci gaba da musu.