Yadda Ake Hana Masarauta Ci Gaba da Taimakon Boka

Duk wanda ya taɓa ƙarar da cajin wayarsa a irin wasannin nan na takobi da tsafi ya san ciwon, ba sai an yi masa bayani ba. Ka biya mai caji, ka sayi data, ka shiga duniyar da aka ce maka tarihinta ya kai shekara dubu uku, inda matsafi ke kiran tsawa da yatsa ɗaya, amma fadar sarki har yau da aci-balbal ake haska ta, wasiƙarsa kuma kai, gwarzon da zai ceci duniya, za a ba ka kai ta bayan dutse da ƙafa. To, ga matasanmu na Kusada da Kankiya masu mafarkin ƙirƙiro irin wannan wasa daga labaran gida, ga shawarwari. Kayan aiki ba su yi mana kaɗan ba. Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike suke da aljannu. Ahmadu Ingawa, da garinsa ke nan maƙwabtanmu, ya bar mana Iliya Ɗan Maiƙarfi. Littattafan yaƙin Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuwa bokayensu sun isa a raba wa kowace mazaɓa, daga Yashe zuwa Mawashi. Hukuncin sihiri na gaske malamai sun gama magana a kansa. Nan ta wasa ake yi.

Shawara ta farko: kada ka karɓi bayanin ragwaye, wai inda akwai tsafi ba a buƙatar inji. Wannan zai yi ma'ana ne da a ce kowane gida da bokansa. Amma boka ɗaya ne a masarauta, a ƙungurmin daji yake zaune, kuma sarki yake yi wa aiki. Manomi dubu hamsin da suka rage suna nan da ciwon bayansu, kuma mai ciwon baya shi ke ƙirƙiro garmar shanu. In kana so ƙasarka ta tsaya cak shekara dubu uku, abin da za ka tsare shi ne bakin bokan. Kada ya buɗe makaranta. Kada ya rubuta komai, in ma ya rubuta ya bar kalma biyu a cikinsa. Sai yana gargarar mutuwa zai kira ɗa guda ya raɗa masa rabin abin da ya sani, shi kuma ya raɗa wa nasa ɗan rabin rabin. Bayan zuriya goma za ka sami abin da kowane wasa ke so: tsofaffin kangaye cike da ƙarfin da ba wanda ya iya shi yanzu. Mun ga samfurin wannan a zahiri. Maƙeran ƙasar Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna narka tama su fitar da ƙarfe, sana'ar gado ce mai tsare-tsarenta da magungunanta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa ya wadata, aka bar narkawa, dattawan suka tafi da ita a ka. Yau ka zaga ƙauyuka ka nemo wanda zai gina maka wannan murhu daga farko.

Ta biyu, kuma ita ce uwa: kowane asiri ka ɗora masa sharaɗi. Kada mai layar ya tsallake turmi, kada ya ci tuwon da ya kwana, kada ya waiwaya in an kira shi daga hagu, kada kuma ya faɗa wa kowa waɗannan sharuɗɗa. Amfanin sharaɗi shi ne magani ba ya taɓa faɗuwa jarrabawa. In wuƙa ta ƙi kama ɗan tauri, magani ya ci. In ta kama, ai shi ya karya doka. Maƙeri bai da wannan gata. In ya ƙera fartanya ta karye a gonar gero, mai ita zai dawo da guntayen a hannu ranar kasuwa, a gaban jama'a, kuma ba zai saurari zancen tsallake turmi ba. Dole gobe a gyara tsimin ƙarfen. Daga irin wannan kunyar gyara ke fitowa. Boka kuwa abokin cinikinsa da abin ya ƙi yi wa aiki yawanci ba ya dawowa ƙorafi, ko don kunya, ko don yana kwance. Haka ilimin zai zauna shekara dubu ba a cire masa kuskure ko ɗaya ba. Mai ninka kuɗi ma da wannan dabara yake ci: kada ka buɗe jakar sai bayan kwana bakwai, in ka buɗe ka ga yankakkun jarida, gaggawarka ce ta mayar da su haka.

Wani zai ce ai tarihi ya nuna neman tsafi ya haifi kimiyya. Gaskiya ne, kuma nan ne haɗarin da ya kamata ka kiyaye. Masu neman maganin hana mutuwa ne a ƙasar Sin suka yi tuntuɓe da albarushi wajen ƙarni na 9. A 1669 wani Bajamushe a Hambug, Hennig Brand, ya yi ta dafa fitsari yana neman zinariya, Allah ya ba maƙwabtansa haƙuri, sai ya sami wani abu mai haske cikin duhu, fosfaras. Da farko ya yi yadda kowane boka nagari zai yi, ya ɓoye hanyar, yana sayar da ita ga mai kuɗi. Sai da Robert Boyle a Ingila ya samar da shi a 1680, aka shiga rubuce-rubuce a kai, kowa yana gwadawa yana ƙaryata ɗan'uwansa, sannan abin ya kama hanyar zama ashana da takin zamani. Harafin P da ke jikin buhun NPK ɗin da manomin Kusada ke cin bashi ya saya, jikan waccan tukunyar ne. Mu ma muna da namu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake tsara hatimi, gidajen lambobin nan da duk layin da ka tara jimla ɗaya za ka samu. Ko hatimin ya yi wa mai rataya shi aiki, ba wanda zai iya aunawa. Amma cewa a hatimi mai gida tara kowane layi 15 yake bayarwa, yaron firamare zai tabbatar da alli. Wannan ɓangaren da ake iya dubawa shi ne masana tarihin lissafi ke karantawa har yanzu. Saboda haka, in wani malami a cikin wasanka ya fara bayyana hanyarsa a takarda, aika masa dodo da wuri.

Masu ƙirƙiro wasanni a ƙasashen waje sun gwada hanyoyi biyu. A Arcanum, na 2001, tsafi da inji ba sa ga maciji: matsafi in ya je tashar jirgin ƙasa tarago na ƙarshe ake kai shi don kada ya lalata injin, in ya ƙasaita kuma a hana shi tikiti. A Eberron, duniyar da Keith Baker ya tsara wa Dungeons & Dragons a 2004, an ɗaure wani irin aljanin iska yana jan jirgin, kuma masu ƙaramin tsafi sun zama ma'aikata kamar kafinta da mai walda. Za a ce wannan ya rushe maganata, ga tsafi ya kawo ci gaba. A'a, ya kawo ne daidai gwargwadon yadda aka mayar da shi abin koyarwa, mai fitowa iri ɗaya a hannun kowa. Inda kuma aka bar shi a jini, ga wasu gidaje 'yan gado, sai suka kame sufuri da magani da aika saƙo suna yanka farashi. Wannan fasalin ka kwafa, ba zai yi wa ɗan wasanmu wuyar ganewa ba.

Ta huɗu ce ko ta biyar, duk ɗaya: ba sai ka wahala neman boka ba, ɗan kwangila ya isa. A kawo wa ƙauye rijiyar burtsatse mai sola, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a kulle akwatin wutar a tafi da makulli da takardar bayani. Ba a koya wa ko saurayi ɗaya a garin yadda ake duba fis ba, alhali garin cike yake da yaran da ke kwance injin babur su mayar da shi kafin la'asar. Ranar da famfo ya tsaya, sai a jira mai ilimin ya zo daga Katsina ko Kano, in ya ga dama, a biya masa kuɗin mota, ya juya wa mutane baya ya taɓa wani abu. In an tambaye shi me ya lalace, ya ce ku ne ba ku iya amfani da shi ba. Wato kun tsallake turmi. Bayan wata uku ya sake tsayawa, tanki na nan a sama da sunan mai girma a jikinsa, yara kuma sun koma tura kurar jarkoki. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma wanda ya tsara aikin haka ya san abin da yake yi, domin kowace lalacewa sabuwar kwangila ce.

Sauran shawarwarin, na yawan kawunan dodo da sunan da ya dace da takobi, ku tambayi wani. In dai sai kun sa wa gwarzonku aikin nema, ku tura shi ya nemo makullin akwatin.