Bayani a Kan Sarautun Daular Lilifut da Hanyoyin Hawansu

Duk mai son fahimtar sarautun Daular Lilifut sai ya fara neman ma'auni, domin mutanen ƙasar ba su yarda da girman da ba a auna shi da inci ba. Tsawon talaka bai cika inci 6 ba. Sarki ya ɗara kowa a fadarsa da kimanin faɗin farcen mutum irinmu, kuma an tabbatar cewa wannan tazara kaɗai ta isa ta sa kwarjininsa ya cika idon mai kallo. A kan wannan ƙa'ida aka ɗora sauran ginin: kowace daraja tana da tsawonta, kuma in gardama ta tashi ana iya ɗauko igiya ko sanda a gwada.

Madogararmu guda ce, wato shaidar Lemuel Goliba, likitan jirgin ruwa, wanda ya tashi daga Biristol ranar 4 ga Mayu 1699, jirginsu ya daki dutse cikin Nuwamba, ya farka ya tarar an ɗaɗɗaure shi a ƙasa har gashin kansa. Jonathan Swift, shugaban majami'ar Saint Patrick ta Dublin, shi ya fitar da labarin a Landan cikin 1726 ba tare da sa sunansa ba. Masu jayayya sukan ce ai babu ƙasar, Swift ne ya ƙaga ta tun daga sarkin har dokokinta. Haka ne, ba mu musa ba. Sai dai ilimin sarauta bai taɓa dogara da samuwar ƙasa ba. Sau nawa daula ta shuɗe aka bar masu rawani suna rigima kan wanda zai zauna gaba? Ga kuma wata falala: Goliba ya riƙe sarauta mafi girma a ƙasar, saboda haka maganarsa ta ɗan gida ce.

A ƙololuwa akwai Sarki Golbasto Momarem Eblame Gurdilo Shefin Mulli Ulli Gue, wanda takardun fada ke yi wa kirari da cewa kansa na taɓa rana. Kewayen ƙasarsa kimanin mil 12 ne, tafiyar hantsi zuwa azahar ga mai ƙafa irin tamu, kuma babban birninta Mildendo ƙafa 500 ne ta kowane gefe. Manyan da ke ƙarƙashinsa sunansu na tarayya Hurgo. Na farkon da Goliba ya gani yana tsaye ne bisa wani dandamali da aka kafa masa, yana ta jawabi mai tsawo da mai sauraro bai fahimci ko kalma ɗaya ba, ga yaro a bayansa riƙe da jelar rigarsa. Alamomin babban mutum ke nan guda uku, kuma sun cika a kansa.

Muƙamin aiki da igiya ake samunsa. Idan babbar kujera ta faɗi, ta hanyar mutuwa ko ta fushin Sarki, wanda ba ya wuyar aukuwa, sai 'yan takara biyar ko shida su roƙi izinin nishaɗantar da fada. A ɗaure igiya mai tsawon ƙafa 2, a ɗaga ta inci 12 daga ƙasa, kowa ya hau ya yi tsalle. Wanda ya fi tashi sama bai faɗo ba, kujera tasa ce. Ba a tambayar asalinsa, ba a tambayar karatunsa. Mai gajeren tunani zai ce wane haɗi ke tsakanin rawa a kan igiya da riƙon baitulmali, amma ya manta cewa a ƙasashen da ake naɗi da gado ko da sanayya babu wanda ke ganin lokacin da aka yi gwajin. A Lilifut a bainar jama'a ake yinsa, kuma wanda ya faɗi ba ya ƙorafin maguɗi, domin yawanci yana jinyar karaya.

Gwanin wannan fanni shi ne Filimnaf, Ma'ajin daula, wanda tsallensa ya fi na kowane basarake da aƙalla inci ɗaya, har yakan yi alkafura a kan faranti da aka ɗaura bisa igiyar. Mai bi masa shi ne Reldiresal, sakataren asirin Sarki. Kuma hawa kujera ba ya sauke wa mutum wannan farali: lokaci lokaci akan umarci manyan ministoci su sake hawa don a tabbatar gwaninta ba ta dushe ba. Su ne ma suka fi shiga haɗari, saboda kowa na son ya wuce ɗan'uwansa, har da wuya a sami wanda bai taɓa faɗowa ba. Shi kansa Ma'aji ya taɓa rikitowa faɗuwar da za ta karya masa wuya, sai aka yi katari wani matashin Sarki na yashe a ƙasa ya tare shi. Ɗalibi ya riƙe wannan da kyau, domin a duk tsarin mulkin Lilifut ba a ambaci wata kariya ga minista ba sai wannan matashi.

Lambar girma kuma daban take, kuma a ganina a nan basirarsu ta fi fitowa. Ana yin bikinta a keɓe, daga Sarki sai Sarauniya sai babban minista. A shimfiɗa zaren siliki uku a kan tebur, kowanne inci 6: shuɗi, ja da kore. Sarki ya riƙe sanda a kwance, 'yan takara su zo ɗaya bayan ɗaya, in an sassauto da ita su tsallake, in an ɗaga su rarrafa ta ƙarƙashi, gaba da baya, sau da yawa. Wanda ya fi daɗewa yana tsalle da rarrafe ya sami shuɗi, na biyu ja, na uku kore, su naɗe shi sau biyu a ƙugu. Hikimar ita ce igiya tsalle kawai take aunawa, sanda kuwa tana auna ko mutum ya san lokacin tashi da lokacin duƙawa ba tare da an furta masa ba. Wani lokaci Sarki ke riƙe da bakin sandar ɗaya, minista na riƙe da ɗayan, wani lokaci kuma ministan ne ke riƙe da ita duka. Masu tsallen ba sa ɗaga kai su duba.

Akwai saɓani a kan launin zaren. A bugun 1726 an rubuta shunayya, rawaya da fari, sai a bugun George Faulkner na Dublin cikin 1735 shuɗi, ja da kore suka bayyana. Dalili shi ne mai ɗab'in farko ya lura cewa manyan lambobin girma uku na Birtaniya, Garter da Bath da Thistle, ƙyallayensu shuɗi ne da ja da kore, ya ji tsoro ya sauya. An kuma lura cewa Robert Walpole, mai riƙe da baitulmalin Birtaniya a lokacin, ya karɓi jan a 1725 da shuɗin a 1726. Mu dai abin da ya shafe mu Lilifut ne, kuma ba a taɓa ruwaito cewa an ga Walpole a kan igiya ba.

Kafin igiya da sanda akwai sharuɗɗa biyu. Na farko dunduniyar takalmi. Jama'ar ƙasar sun kasu jam'iyya biyu, masu doguwar dunduniya da masu gajera, ba sa ci tare, ba sa sha tare, ba sa magana. Masu doguwa sun fi yawa, amma Sarki masu gajera kaɗai yake ba muƙami, kuma tasa dunduniyar ta fi ta kowa gajarta da aƙalla durur ɗaya, kimanin kashi ɗaya cikin 14 na inci. Yarima mai jiran gado kuwa takalminsa ɗaya ya fi ɗaya tudu, shi ya sa yake ɗingishi. Kada a nema masa magani, wannan ɗingishi shi ne manufarsa ta siyasa. Sharaɗi na biyu, duk mai fasa ƙwai ta babban baki doka ta haramta masa riƙe muƙami, al'amarin da ya jawo tawaye 6 da mutuwar mutum 11,000.

Sarauta ɗaya ce ake samu da halin kirki, Sinilfal, wadda ake ba wanda ya kawo hujjar cewa ya yi wata 73 bai karya doka ba. Ba a gadonta. Goliba bai ambaci sunan ko mutum ɗaya mai riƙe da ita ba. Manoma da leburori ba su da mataki, 'ya'yansu ma ba a kai su makaranta, tun da noma ba ya buƙatar tsalle.

Yanzu sai Nardak, ƙarshen daraja. Goliba ya same ta ne a ranar da ya ratsa mashigin ruwa mai faɗin yadi 800, ya maƙala ƙugiyoyi a jiragen yaƙi 50 na Daular Bilefusku, abokiyar gābar Lilifut, ya jawo su gida kibau na sauka a kan tabaraunsa. Nan take Sarki ya naɗa shi a bakin gaɓa. A ƙasa da Nardak da mataki ɗaya akwai Gilumgilum, sarautar Ma'aji Filimnaf, kuma daga nan wata mas'ala ta taso: wa ke gaba? Hukuncin shi ne Goliba ya fi a sarauta, Ma'aji ya riga shi a jeri saboda kujerarsa. Abin lura shi ne wurin da aka yi wannan bayani. Ma'aji ya zargi Goliba da neman matarsa, Goliba kuwa ya kare kansa da cewa ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba, kullum da mutum uku a keken dokinta, sannan ya tunatar cewa shi Nardak ne. Hujjar cewa ya ninka baiwar Allah sau 12 a tsawo, wadda jahili zai fara kawowa, ko ambatonta bai yi ba. Ta haka ake gane wanda sarauta ta ratsa.

Me Nardak ke amfana wa mai ita? Abu biyu aka tabbatar. Na farko, yarjejeniyar sakinsa ta ɗora masa ɗaga duwatsun gini da ɗaukar manzon Sarki a aljihu, amma bayan naɗi aka ga waɗannan sun yi masa ƙanƙanta, Sarki bai ƙara ambatonsu ba. Na biyu ya bayyana ne da ya ƙi taimakawa a mayar da Bilefusku lardi, ya kuma kashe gobarar ɗakin Sarauniya cikin minti uku da bawali, alhali yin bawali a harabar fada laifin kisa ne. Ma'aji da Bolgolam, babban hafsan sojan ruwa wanda nasarar jiragen ta disashe masa suna, suka nemi a cinna wa gidansa wuta da dare, a girke mutum 20,000 da kibau masu dafi. Reldiresal, amininsa, ya tashi ya roƙa masa sassauci saboda hidimarsa: a tsiyaye masa idanu kawai. Majalisa ta amince da haka a rubuce, ta kuma amince a asirce a riƙa rage masa abinci, wanda dama na mutum 1,728 ne, har ya rame ya mutu, don gawar ta yi sauƙin kwashewa. Al'adar fadar ce bayan irin wannan hukunci Sarki ya yi jawabi a kan tausayinsa a yaɗa ko'ina, kuma talakawa sun ƙware wajen lissafi da shi: gwargwadon tsawon yabon, gwargwadon munin azabar da tsarkin wanda za a yi wa.

Goliba, wanda bai tashi a fada ba, ya kasa gano inda sassaucin yake, ya tsallaka Bilefusku. Aka tura jakada da saƙon cewa in bai dawo cikin awa 2 ba an tuɓe shi daga Nardak, an kuma ayyana shi maci amana. Sarkin Bilefusku ya ɗauki kwana 3 yana shawara kafin ya ba da amsa, saboda haka a lissafin shari'a sarautar ta faɗi tun ana tsakiyar gaisuwa. Goliba ya isa Ingila a Afrilun 1702 da 'yan shanu da tumakin da ya ɗebo a aljihu, ban da tunkiya ɗaya da ɓera ya sace a jirgi, ya yi ta nuna su ga manyan gari, daga baya ya sayar da su fam 600.