Mu a Tibiri, gawo ɗan gida ne

Jiya bayan La'asar muna zaune a ƙofar gida, wani ƙanena da ya dawo daga ci-rani ya ce wai gawon da ke tsakiyar gonarsu yana tare masa garmar shanu, gobe zai kira masu gatari. Bai rufe baki ba Kawu ya aje kofin shayi.

"Kai yaro, a nan Dallol Mawri? Je ka dubi hatsin da ke gindinsa, ka dubi na bakin iyaka, sannan ka zo mu yi magana."

Gaskiyar Kawu ce. Mu dai haka muka tashi muka tarar: daga Tibiri zuwa Dumega, har Kore Mairuwa, gona ba ta cika gona ba sai da gawo. Shi ne ake wa kirari da ƙi ruwan Allah, don da damina yake kaɗe ganyensa ya bar wa hatsi rana, da rani kuma, sa'ad da daji ya bushe ƙayau, shi ya yi kore shar. Shanu su kwanta a inuwarsa, su ci ƴaƴan, su bar mana taki. Ganyen da ya zubar ma taki ne. Wane ɗan kasuwa zai ba ka wannan kyauta?

Inna ta ɗago murya daga bayan danga: "Ku sa da sabara da kalgo. Da wane ganye kuke zaton mai jego ke wanka?"

Shi ya sa in muna sassabe ba ma tumɓuke kututture. Mu zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, mu datse sauran, mu bar su su tashi. Manoman Maradi sun raya wannan dabara tun wajen 1983, suna ce mata sassaben zamani. A da, mutum na gudun rainon itacen da gobe malaman daji za su hana shi taɓawa. A 2020 gwamnati ta fitar da doka cewa itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne.

Ƙanen nawa dai ya fasa. Abin da ke ci mini rai shi ne masu hawa da dare su yi wa gawo aski tas saboda dabbobi, har ya kasa farfaɗowa. Don Allah ƴan uwa, in za ku sassako reshe, ku nemi izinin mai gona, kuma ku bar wa itacen kansa.