Bayani a Kan Juyen Baƙin Mai da Matsayin Noti a Cikinsa

Juye, a bakin direbobi da kanikawa, shi ne tsiyaye baƙin man da ya gaji daga injin mota a zuba sabo, kuma a duk ayyukan da ake yi wa mota babu wanda ya kai shi yaudarar mai ita, domin duk wanda ya zauna a bencin gareji ya ga yaron bakanike ya gama aikin yana shan rake, sai zuciyarsa ta raya masa cewa kuɗin aikin da yake biya asara ne. Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin fetur, wannan tunani ya ƙara kama ma'aikata, har aka sami rukunin mutanen da suke mayar da ƙofar gida gareji ranar Asabar, ba su da malami sai YouTube. Mai wannan rubutu ya shiga rukunin a Asabar ɗin da ta wuce, kuma har yanzu ƙasan farcensa bai yi fari ba.

Motar da aka yi aikin a kanta Toyota Corolla ce ƙirar 2005, wadda injinta yake shan kimanin lita 4, kuma an sayo galan ɗin mai da filta, wato matatar da take tare dattin mai, a kasuwar Ƙofar Ruwa. Tsarin aikin gajere ne: ana ɗumama inji, a ɗaga mota da jak, a kwance notin da ke ƙasan kwanon da mai yake taruwa da sifana mai lamba 14, a tara roba har tsohon mai ya tsane, a sauya filta, a mayar da noti, sannan a zuba sabon mai ta sama. Mai rubutun ya fara aikin da kulawa, har ma, don gudun kada notin ya ɓata cikin yashi, ya goge shi da tsumma ya sa a aljihun gaban rigarsa.

A nan ya wajaba a gabatar da maƙwabcinsa, dattijon da ya yi ritaya daga tuƙin motar gwamnati, wanda ƙarar jak ta fito da shi ɗauke da kujerar roba. Ilimin dattijon na mota ya ginu ne kacokan a kan Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, kuma a ra'ayinsa duk wata cuta ta mota, daga tari zuwa fashewar taya, tushenta kafireta, wato na'urar da take gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. An yi masa bayani cikin ladabi cewa Corolla ta wannan shekara ba ta da kafireta, fesa mata fetur ake yi da na'urar lantarki, sai ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, tana nan, ɓoye ta suka yi don kada talaka ya gyara.” Shi ne kuma ya nemi a jawo robar tsohon mai daga ƙarƙashin motar don ya duba, ya tsoma yatsa ya murza, ya shinshina, ya yanke hukunci cewa man yana da sauran rai, ya kira jikansa ya ɗauke shi a shafe katakon rumfarsa saboda gara. Da haka ƙarƙashin motar ya zama babu noti, babu roba.

Abin da ya biyo baya ya cancanci a tsaya a kansa. Mai rubutun ya sauke jak, ya buɗe murfin inji, ya kafa mazurari, ya karkata galan a hankali kamar mai zuba turare a kwalba, yana kallon man yana sauka garai-garai, yana kuma lissafin abin da zai yi da kuɗin da ya hana bakanike. Da ya zuba rabi sai ya tsaya, kamar yadda bidiyon ya koyar, ya zaro geji, wato siririn ƙarfen da yake nuna iyakar mai a inji, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya same shi a bushe ƙamas. Duk mai hankali a wannan gaɓa zai sunkuya ya leƙa ƙasa. Shi kuwa juyawa ya yi ya nuna wa dattijon, wanda ya duba gejin ta saman tabarau ya ce, “Ƙishirwa yake ji, ƙara masa.” Aka ƙara masa, aka kife galan a mazurari, har ana bubbuga gindinsa don kada ɗigo ɗaya ya tafi a banza.

Simintin ƙofar gidan an yi shi da gangara domin ruwan damina, kuma gangarar ta yi aikinta. A daidai lokacin da mai rubutun yake bubbuga galan, lita 4 na sabon mai sun riga sun ratsa injin daga sama har ƙasa ba tare da sun tsaya ko'ina ba, sun fito ta tsakanin tayoyin gaba, sun rabu biyu a gindin kujerar roba, sun nufi kwata. Abin da ya fi tsayawa a rai, idan aka sake bin lamarin daki-daki, shi ne cewa dattijon ya ga man tun farkon fitowarsa. Ya gan shi yana tahowa, ya cire takalmansa ya ɗora a cinya, ya naɗe ƙafafu a kan kujera, ya tattare gefen babbar rigarsa, kuma a wannan zaman ne ya ba da shawarar a ƙara. Mai rubutun bai farga ba sai da ya ja da baya don ya ƙare wa aikinsa kallo, ƙafarsa ta zame, ya dafe mota, notin ya faɗo daga aljihu ya yi ƙara a kan siminti, ya gangara a gaban yaran unguwa da suka riga suka taru, ya kwanta a cikin man da aka ƙera shi don ya tare.

Da aka tambayi dattijon, da muryar da ta rage wa mai tambayar, “Baba, me ya hana ka magana?” sai ya amsa cewa ya ɗauka wankin inji ne irin na zamani, kuma ba ya son tsoma baki a aikin masu ilimi. Ya ƙara da cewa abin ma alheri ne, tun da yanzu an tabbatar babu toshewa a hanyar mai, binciken da bakanike zai caji kuɗi a kansa. Ya ba da shawarar a kwashe man da soso a tace da kallabi, shawarar da matar gidan, wadda take tsaye a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba, ta rushe da kallo ɗaya. Aka aika a karɓo tsohon man, aka tarar jikan yaro ne mai himma, ya riga ya gama shafe rumfa.

Inji kuwa idan aka tayar da shi babu mai, ƙarafan cikinsa suna gugar juna su yi zafi su cije cikin ɗan lokaci, wanda shi ne abin da kanikawa suke nufi da cewa inji ya buga. Dattijon ya saurari wannan bayani har ƙarshe, ya mayar da takalmansa, ya ce tun da gidan mai ba nisa, a tayar da motar a tafi a hankali a sayo wani galan, shi ma zai bi a sauke shi a kasuwa.