Maltina ta Alhaji, Zoɓo na Mai Keke

Da zarar gero ya shiga rumbu, ƙauyukan da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa sai su rikice da walima: saukar karatu, suna, tarewar amarya. Abinci dai ba ya tayar da rigima, kowa shinkafa da miya. Wurin abin sha ne mutum ke sanin matsayinsa a gari.

Zauna a tabarma ka lura da yaron da ke rabo. Ba ruwansa da ƙishinka, hularka yake kallo. Mai zanna bukar da babbar riga, Maltina ta gwangwani. Malamin firamare, Fanta. Wanda ya jingine keke a gindin darbejiya, zoɓo a leda. Wanda ya zo ba gayya kuwa, fiya wata, shi ma sai ya yi gyaran murya sau biyu.

Zoɓon nan da ake rainawa a iyakar gonar mai gida ya fito. 'Yan kasuwa na bin ƙauyuka suna saye buhu-buhu, ana lodinsa har Meziko. A manyan otal na Abuja, kofin gilashi ake zuba shi, a saƙala yankan lemon tsami a baki, a caji mutum kuɗin kwanon gero. A nan kuwa, uwargida ta kwana tana dafa shi da citta da kanumfari, amma a miƙa wa suruki sai ya ce an ci mutuncinsa.

Sai maganar ƙanƙara. Garin ya manta rabonsa da wuta, don haka tun da hantsi ake tura ɗan acaɓa Dambatta. Ya dawo da buhu yana ɗiga, rabi ya shayar da hanya. Ga randa a zaure tana sanyaya ruwa kyauta, an lulluɓe ta da zane kada baƙin birni su gani.

Samari ma da nasu salon. Tun da Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000 ba mai gigin fito da giya a taro, sai suka koma wa doguwar kwalbar ruwan inabi mai kumfa. A girgiza, murfi ya yi ƙara, kaji su watse. Liman ya karɓa, ya juya ta sama da ƙasa.

"Allah gafarta Malam, inabi ne zalla."

"To me ya sa take fushi?"

Washegari mai shago ya iso da littafin bashi, yana ƙirga kwalaben da ya bayar. Kiret uku sun fita, biyu da rabi suka dawo, don baƙi sun zura sauran a aljihu, tsarabar yara. Mai gida ya dubi rumbu, ya dubi mai shago, ya ce a bari sai Lahadi, ranar kasuwar Dambatta.